Darasi: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Manufar darasi

Bayan an kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ke sa yawan hidima ya bar mutum da gajiya ba tare da amfani ba;
2. lissafa awoyin makonsa, ya ga inda suke tafiya;
3. rarrabe aikin da ke da muhimmanci da wanda gaggawa kawai gare shi;
4. ba da haƙuri cikin ladabi a kan abin da ba zai iya ɗauka ba.

Shimfiɗa

In ka gai da mutum a Gesse ka ce masa "ina gajiya?", amsar da za ka ji ita ce "ba gajiya." Haka al'ada ta koya mana. Amma ku ɗan zauna ku taɓa hira, ba za a jima ba zai ce: "Wallahi abubuwa sun yi mini yawa, ba ni da lokacin kaina."

Gaskiya ya faɗa. Magidanci a wannan unguwa ta Birnin Kebbi yakan tashi da asuba, ya kai yara makaranta, ya wuce ofis. In an tashi ya leƙa gonar shinkafa a fadama, da yamma ya tsaya shago, bayan isha'i kuma ga taron ƙungiya. Asabar akwai ɗaurin aure a Argungu, Lahadi suna a Jega, a hanyar dawowa a biya Kalgo ta'aziyya. Uwargida ma ba ta zauna ba: ga girki, ga tuyar sayarwa, ga keken ɗinki, ga zubin adashi, ga Islamiyya, ga wannan aji namu.

Ba son wahala ya jawo haka ba. Albashi ba ya kai wata, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na cefane suka ƙara tashi. Kowa na neman ƙofa ta biyu da ta uku. Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: in ƙofofin sun yi yawa har mutum ba ya iya tsaron ko ɗaya, wacce zai riƙe, wacce zai rufe?

1. Abin da ba ya ƙaruwa

Kowane aiki yana cin abu uku: lokaci, ƙarfin jiki da jari. Jari kan ƙaru, ko da rance ne. Ƙarfi kan dawo in an huta. Lokaci kuwa a ƙayyade yake. Yini da dare awa 24 ne, mako kuma awa 168, ga mai kuɗi da talaka.

Mu yi lissafi da misalin wani ma'aikaci:

- barci, awa 7 kullum: awa 49
- ofis, awa 8 sau kwana 5: awa 40
- salla, cin abinci da wanka, awa 3 kullum: awa 21
- zirga-zirga a hanya, awa 1 kullum: awa 7

Jimla awa 117. In aka cire daga 168, saura awa 51. Cikin waɗannan awoyi ne za a fitar da rabon iyali, gona, shago, karatu, zumunci, zuwa asibiti da hutu. Duk sabon abin da mutum ya amsa, daga cikin 51 ɗin nan za a yanka masa. In ba a samu wuri ba, sai a ci na barci, ko na yara. Shi ya sa kafin ka ce "to" ga wani sabon aiki ya kamata ka san wane tsohon aiki ne zai biya kuɗinsa.

2. Abin da fadama ke koyarwa

Mutanen Kabi sun daɗe da sanin shinkafa, amma nomanta ya ƙara bunƙasa bayan ranar 17 ga Nuwamba, 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma rance. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Da kasuwa ta buɗe, ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka faɗa noman rani, daga Zauro da Ambursa har Argungu.

Sabon manomi yakan auna kansa da faɗin gona. Tsohon manomi kuwa da buhunan da suka shiga rumbu yake aunawa. Ga dalili.

Mu ɗauka mutum biyu kowannensu yana da buhun taki 6, kuma malamin gona ya ce wannan shi ne abin da hekta ɗaya ke bukata. Na farko ya noma hekta ɗaya, ya ba ta takinta cif. Na biyu ya ga fili ya samu da araha, ya kama hekta uku, kowacce ta tashi da buhu 2. Yanzu dubi abin da ya biyo baya. Kuɗin gyaran ƙasa ya ninka uku. Iri ya ninka uku. Man injin ban ruwa ya ninka uku. Haka kuɗin masu cire ciyawa, da na yaran da ke korar tsuntsun jan baki, da na masu yanka. Abu ɗaya ne bai ninka ba, wato abincin da shukar za ta ci. Ga shi kuma mai gonar mutum ɗaya ne. Ranar da yake ban ruwa a wannan, ciyawa na cin waccan. Makonni shida na farko su ne lokacin da ciyawa ta fi yi wa shinkafa illa, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci ba ya dawowa ko da an yi noma daga baya. Idan kaka ta zo, mai hekta uku zai iya fin maƙwabcinsa yawan buhuna da kaɗan, amma in ya cire abin da ya kashe sai ya ga wa aka yi wa aiki.

Akwai ma wata hanyar dashe da ta ginu kacokan a kan ragewa. Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Faransa, Henri de Laulanié, wanda ya yi shekaru yana aiki da manoman tsibirin Madagaska, shi ya tsara ta a wajajen 1983, daga nan ta bazu zuwa Asiya da Afirka ta Yamma. A maimakon yafi, ko cusa tsiro huɗu zuwa biyar a rami ɗaya, sai a dasa tsiro ɗaya tak. Ana ciro shi daga gadon reno yana ɗan kwana 8 zuwa 12, da ganye biyu, ƙwayar shinkafar ma tana nan manne da saiwa. A ɗauko shi da 'yar ƙasarsa, a ajiye shi a hankali ba tare da an nutsa shi can ƙasa ba. Mutum biyu na riƙe da igiyar da aka yi wa ƙulli a kowace santimita 25, masu dashe na bin ƙullin. Kowane murabba'in mita ɗaya tsiro 16 kawai yake ɗauka. Ruwa ma ba a barin sa ya kwanta kullum. A ba ƙasa ta jiƙa, a bar ta ta sha iska, a sake ba ta.

Makonni biyun farko gonar ba ta da kyan gani. Laka ce fili guda da 'yan siraran ganye jefi-jefi, mai wucewa zai ɗauka iri ne ya ƙare wa mai ita. Amma da yake babu cunkoso, saiwa na samun wurin yaɗuwa, rana na kai wa kowane ganye. Sai tsiron nan ɗaya ya shiga fitar da 'ya'ya har ya zama dunƙule. Irin da ake bukata bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da yafi ke ci ba.

A lura da wani abu. Wannan hanya ba ta raggo ba ce. Tana son a daidaita ƙasa sosai, a riƙa cire ciyawa a kai a kai, a kuma iya sarrafa ruwa. An rage yawan tsiro ne don a ƙara wa kowane ɗaya kulawa. Haka abin yake ga ayyukan mutum: wanda ya ajiye uku ya riƙe biyu, biyun nan za su ci ƙarfinsa duka, sai dai a wannan karon zai ga abin da ƙarfin ya haifar.

3. Ruwan da ake bari ya huta

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Kowa ya san hoton ranar: dubban masunta a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, a ba da alama su ruga cikin ruwa, cikin kamar awa ɗaya a gama. A bikin watan Maris na 2020, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne.

Abin da 'yan kallo ba su gani shi ne sauran watannin shekara. Wannan yanki na gulbi a tsare yake, ba a su a cikinsa sai an ba da izini, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ke lura da haka. Masunci na wucewa ta wurin, ya san akwai kifi, gida kuma ana bukatar cefane, amma ya wuce. Giwan ruwa ba ya kai girman da zai rinjayi ƙato sai ya shekara da shekaru a ruwa. Da kullum ake jefa koma a wurin, da an kwashe shi tun yana ƙarami, da kuma babu abin da zai kawo baƙi daga wata uwa duniya.

Darasi biyu ke nan. Na farko, hanawa ma aiki ce, kuma tana da mai tsaronta. Na biyu, hanin bai tsaya ga niyyar kowane masunci shi kaɗai ba. Doka ce da jama'a suka sani suka yarda da ita. Mutumin da ya ƙudura a ransa kawai cewa zai riƙa hutawa ko zai riƙa zama da yaransa, da wuya ya cika. Amma in ya sanar da iyalinsa da abokansa cewa daga magariba zuwa isha'i ba ya fita, ko ranar kaza ba ya amsa gayyata, sai abin ya zama sananne, mutane su daina nemansa a lokacin.

4. Gaggawa daban, muhimmanci daban

Malamanmu sun koya mana cewa farilla tana gaba da nafila. Wanda ya raya dare da nafilfili har barci ya kwashe shi ya rasa asuba, an san bai yi dabara ba. Wannan ma'auni yana aiki a harkar duniya. Akwai wata hanyar rarraba ayyuka da ake dangantawa da Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961. Ana yi wa kowane aiki tambaya biyu: in ban yi shi ba, me zai lalace? Kuma dole yau ne? Amsoshin kan raba ayyuka gida huɗu.

*Gida na ɗaya: muhimmi, kuma na yanzu.* Yaro ya kwana da zazzaɓi. Injin ban ruwa ya tsaya alhali shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Wannan ba ya jira.

*Gida na biyu: muhimmi, amma ba ya ihu.* Awon ciki. Allurar rigakafi. Duba littafin makarantar yaro. Sauya wa injin baƙin mai. Tanadin kuɗin taki tun kaka. Zuwa wannan aji. Ba wanda zai buga maka waya a kansu, shi ya sa ake ta ɗaga su.

*Gida na uku: mai gaggawa, amma ba naka ba ne dole.* Rakiyar aboki kasuwa. Taron da ko ba ka je ba za a yi. Saƙon da yaro ma zai iya kaiwa.

*Gida na huɗu: ba muhimmanci, ba gaggawa.* Gardamar siyasa ko ta ƙwallo da ba ta ƙarewa. Bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya a waya.

Yawancin masu kukan rashin lokaci suna kai da komo ne tsakanin gida na ɗaya da na uku, in sun gaji su faɗa na huɗu. Gida na biyu shi ake zalunta. Kuma duk abin da aka bari a gida na biyu, wata rana zai tashi ya koma na ɗaya da tsada. Injin da ba a sauya wa mai ba shi ne zai mutu ranar da aka fi bukatarsa. Hawan jinin da ba a je an auna ba shi ne zai kwantar da mai gida a tsakiyar aikin rani. Saboda haka, in ka rage daga gida na uku da na huɗu, awoyin da ka samu ka zuba su a gida na biyu.

5. Wace haja ce ke ciyar da gidan?

A 1896 wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasarsa suna hannun kashi 20 cikin 100 na jama'a. Daga baya masu nazarin kasuwanci suka ga irin wannan rashin daidaito a wurare da dama: kaɗan daga cikin kaya ke kawo mafi yawan riba, kaɗan daga cikin masu saye ke yin mafi yawan ciniki. Ba doka ba ce da lissafinta ke fita daidai kullum, amma tana nuna inda ya kamata a duba.

Mu ɗauki matar da ke sana'a biyar a cikin gida: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗinki, ƙanƙara, kayan miya, da atamfa bashi. In ka tambaye ta wacce ta fi kawo kuɗi, za ta iya cewa atamfa, don kuɗinta ne ke zuwa da kauri. To ta samu littafi ta ja layi uku: abin da na kashe, abin da ya dawo, awoyin da ya ci. Ta rubuta na wata ɗaya. Mai yiwuwa ta tarar kuɗin atamfa rabinsa na hannun mutane, ga yawon bin bashi da kuɗin kabu-kabu. Ƙanƙara sai ranar da aka samu wuta. Kayan miya na ruɓewa. Man gyaɗa da ɗinki, waɗanda ta raina, su ne ke saye mata sabulu da biyan kuɗin makaranta. Wata matar kuma lissafinta zai fito akasin haka. Ba a sani sai an rubuta, kuma wannan na cikin amfanin iya rubutu da lissafi da muke koyo a nan.

6. Ba da haƙuri ba yanke zumunci ba ne

Abin da ya fi wuya a duk wannan shi ne baki. An rene mu da kunya da kara, ba ma iya kallon babba mu ce ba za mu iya ba. Sai mu ce "to, in sha Allahu," alhali mun san ba hali. Ranar cikawa ta zo a neme mu a rasa. Wanda aka yi wa alkawari ya ji haushi fiye da yadda zai ji da an gaya masa gaskiya tun farko.

A karanta wannan hira tsakanin wani magidanci da kawunsa, mutum biyu su karɓi muryoyin:

"Wato dalilin kiran, 'yan ƙungiyar garinmu sun zauna, sun ce kai za a ba sakatare. Kai ne mai biro a cikinmu."

"Kawu, na gode da wannan girmamawa, Allah ya bar zumunci. Sai dai ina neman alfarma a bakinka."

"Ina jin ka."

"Bana na ci bashi na zuba a shinkafa, kuma daga yanzu har yanka kusan kullum ina fadama bayan ofis. In na karɓa, za a riƙa zama ba ni, littafi ya lalace, kunyar ta dawo kanka tunda kai ka kawo ni."

"To ai ba a ƙin jama'a, ɗana."

"Ba ƙi ba ne, Kawu. Kuɗin wata-wata ba zan fasa ba. Wanda duk aka naɗa, ya zo gida ran Juma'a da yamma in nuna masa yadda ake tsara littafin. In Allah ya kai mu bayan kaka kuma ana bukata, sai a sake magana."

"To, Allah ya yi albarka. Gara da ka faɗa tun yanzu."

A duba abin da ya yi. Ya fara da godiya. Ya faɗi dalili na gaskiya a taƙaice. Ya nuna cewa amsawar ce za ta cuci ƙungiyar. Sannan ya ba da abin da zai iya cikawa. Haka ake yi da biki da suna: wani a je da kai, wani a aika gudummawa, wani uwargida ko ƙane ya wakilci gidan, wani a buga waya a yi addu'a. 'Yan'uwa ma kan iya raba zuwa a tsakaninsu. Ta'aziyyar makusanci da duba mara lafiya kuwa suna gida na ɗaya.

7. Waya

Da, mai son ganinka sai ya tako. Yanzu yana cikin aljihunka. Rukunonin WhatsApp na 'yan ajinku, na unguwa, na dangi, na ofis, kowanne na ƙara. Kowace ƙara na yanke maka tunani, kuma hankali ba ya komawa kan aiki nan take. Sai ya ɗan yi yawo kafin ya zauna. Tela mai yanka yadi yana duba Facebook, shi ne ke yanke hannun riga ba daidai ba. Ɗan kabu-kabu mai amsa waya a kan titi, ransa da na fasinja ya sa a caca. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Abu uku na taimakawa: a kashe ƙarar rukunonin da ba na aiki ba, a sa lokacin duba saƙo, misali bayan azahar da bayan isha'i, a kuma ajiye waya nesa lokacin karatu, lissafin kuɗi da cin abinci da iyali. Mai larura ta gaske zai kira.

8. Iyakar ragewa

Wani zai ce: "Malam, in na dogara da abu ɗaya, ranar da ya faɗi fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma mutanen wannan kwari sun san amsarta a jikinsu. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, rahotanni suka ce kimanin hekta 450,000. Wanda ke da 'yan awaki, ko gonar gero a tudu, ko wata sana'ar hannu, ya samu abin dafawa. Kakanninmu da suka haɗa noma da su da kiwo sun san abin da suke yi.

Amma a duba yadda suka haɗa su. Sana'o'in ba sa cin lokacin juna: gero da damina, su bayan ruwa ya janye, fatauci da rani. Matsala na zuwa ne in abu biyu na neman mutum a sa'a ɗaya, ko suna jan jari ɗaya. Wanda ke sarin albasa daga Aliero a daidai makon da shinkafarsa ke son taki, ɗaya zai sha kashi. Ma'auni mai sauƙi shi ne babbar sana'a ɗaya, da madafa ɗaya wadda lokacinta bai yi karo da na babbar ba.

Akwai kuma abubuwan da ba a taɓa su da sunan rage hidima: ibada, haƙƙin iyali da na iyaye, aikin da ake biyan ka albashi a kansa, lafiyar jiki, da barci. Domin su ake rage sauran.

Taƙaitawa

- Mako awa 168 ne; duk sabon aiki daga rabon wani ake yanka masa.
- Ƙaramar gona da ta samu kulawa ta fi babba da aka yi wa rowa.
- Lokacin da aka keɓe ba ya tsaruwa sai an sanar da jama'a.
- Aiki muhimmi wanda ba ya ihu shi ya fi bukatar a sa masa rana.
- Littafi ke nuna sana'ar da ke ciyar da gida.
- Haƙurin da aka bayar tun farko ya fi alkawarin da aka saɓa.

Tambayoyi

1. A misalin manoma biyu, waɗanne kuɗaɗe ne suka ninka wa mai hekta uku, mene ne kuma bai ninka ba?
2. In ana dasa tsiro 16 a murabba'in mita ɗaya, tsiro nawa za a dasa a murabba'in mita 50?
3. Me ya sa ake samun manyan kifaye a Matan Fada ranar biki?
4. Kawo misali biyu na aikin gida na biyu da ke komawa gida na ɗaya in an yi sakaci.
5. Waɗanne matakai huɗu magidancin nan ya bi wajen ba kawunsa haƙuri?
6. Yaushe haɗa sana'a biyu ke da amfani, yaushe kuma yake cutarwa?

Aikin aji

A rabu uku-uku. Kowa ya faɗi ayyuka goma da ya yi a makon jiya, sauran biyun su taya shi sa kowanne a gidansa. In an yi saɓani a kan wani aiki, a kawo shi gaban aji a tattauna. Bayan haka mutum biyu su fito su gwada hira: ɗaya ta zo gayyatar anko da zubin sabon adashi, ɗayar ta ba ta haƙuri ba tare da an ɓata ba.

Aikin gida

Ka ja layi bakwai a littafinka, kowace rana da nata. Kullum kafin ka kwanta ka rubuta abin da ka yi da awoyin da ya ci. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi zane ko alama, ko ɗansa ya taya shi. Ranar bakwai ka zaɓi abu ɗaya da za ka daina, ɗaya da za ka miƙa wa wani, da ɗaya daga gida na biyu da za ka sa wa rana da sa'a. Ka gaya wa mutum ɗaya a gidanku abin da ka zaɓa. A zo da littafin a darasi na gaba, da shi za mu fara koyon tsara kasafin kuɗin wata.